Farin Gari a Bakin Rijiyar Tsamiya

Inna Hajara ce ta fara ganinsa. Ta fito da tulunta da sassafe, lokacin da hidimar ƙaramar Salla ta fara lafawa, sai ta tarar da bakin Rijiyar Tsamiya ya yi fari fat. Garin ya zuba a kan itacen da ake jan guga, ya zuba a ƙasa, da ta leƙa kuma ta hango shi yana yawo a kan ruwa. Ta saki tulu ya fashe, ta ɗora hannu a ka.

"Jama'a, ku taho! An kashe mu! Garin Amurka ya iso Tungar Maje!"

To, ba za a ga laifinta ba. A shekarar nan ta dubu biyu da ɗaya, babu mai rediyo a ƙasar Gwashi da bai ji labarin farin garin da ake aika wa mutane a Amurka ba, wanda aka ce ƙwayar cuta ce miyagu ke sawa a ciki. Ga shi kuma tun bayan Salla wani irin ƙurji ya ɓulla a garin. Yakan fito a hannu, ya kumbura, tsakiyarsa ta yi baƙi ƙirin kamar gawayi. Ita kanta Inna Hajara tana da shi a bayan hannun dama. Wasu kuma zazzaɓi da ciwon ciki sun kwantar da su.

Kafin rana ta ɗago, gari ya gama yanke hukunci. Wa ke da farin gari a Tungar Maje in ba Lirwanu ba? Baƙo ne, mai neman zinariya, ya biyo ta Abare ya kafa bukka a bayan gari. Kullum yana daka dutse a turmin ƙarfe har ya zama gari, ga kwalabe, ga rediyo mai dogon kara. Samari suka ruga da sanduna suka jawo shi, ko takalmi ba su bari ya sa ba.

Mai Gari Abdullahi ya ƙwace shi da kyar. Ya tura shi ɗakin zaure, ya ja ƙyaure, ya sa kujerarsa a bakin ƙofa ya zauna.

"Ranka shi daɗe, ka ba mu shi!" in ji Alhaji Anwar mai kanti, wanda ya fi kowa ɗaga murya. Yana cikin babbar rigarsa ta Salla har ranar, hannun hagu a cikin riga, na dama yana nuna ƙofa. "'Ya'yanmu na kwance! Mi muke jira?"

"Sambo muke jira," in ji Mai Gari. "Ku ba ni zuwa la'asar."

Kowa ya san bayan la'asar kujerar nan ba za ta tare kowa ba.

* * *

Sambo mai bin sawu dattijo ne gajere, mai furfura a gemu kawai. Daga Anka har Gummi, duk wanda aka kore wa shanu shi yake nema. Da ya iso rijiyar ya ga yadda aka tattake wurin, sai ya riƙe baki.

"Kai, jama'a! Kasuwa kunka ci nan? Har da wanda ya zo da jaki kallon guba!"

Yana shirin durƙusawa ya ɗan shafi garin sai ƙarar babur ta katse shi. Malama Zinatu ce, jami'ar lafiya daga Bukkuyum, a bayan Ɗahiru ɗan kabu-kabu, ta rungume wani kwali. Tun babur bai tsaya ba take kira.

"Baba, kada ka taɓa! Kada ka shinshina! Kowa ya ja baya!"

Ba ta daɗe da dawowa daga bitar da aka yi musu a Gusau kan irin wannan rana ba, kuma ta riƙe karatunta. Ta sa aka kewaye rijiyar da igiya, aka rufe bakinta da tabarma. Duk wanda ya taka wurin ta tura shi ya wanke hannu da ƙafa da sabulu. Ta ɗebi garin a kwalba, ta ɗebi ruwan a wata, ta liƙe su. Sannan ta miƙa wa Sambo safar hannu ta roba da ƙyallen rufe hanci.

"Malama, ni da nike bin ɓarayi da hanci buɗe?"

"Ɓarawon yau ba a ganinsa da ido, Baba. Sa."

Ya sa. Yara suka fashe da dariya, ya harare su ta saman ƙyallen.

"Kwalaben nan Gusau za su," in ji ta a hankali, don shi kaɗai ya ji. "Amsa ba za ta dawo yau ba, ba kuma gobe ba."

"Shi kau yaron can la'asar gare shi."

Sambo ya bar inda aka tattake, ya riƙa zagaya rijiyar daga nesa, kansa a sunkuye. Can ya tsaya cik, ya yafito ta.

"Zo ki ga ma'aikata."

Tururuwa ce ta yi layi daga gindin rijiyar zuwa raminta, kowace da ɗan farin abu a baki.

"Tun da nike ban taɓa ganin tururuwa ta ɗauki dutse ta kai gida ba," in ji shi. "Wanga abinci ne. Garin rogo ne ko na masara."

"Ana iya sa cuta a cikin garin abinci," in ji Zinatu. "Ba zan buɗe rijiyar ba."

"Kada ki buɗe. Amma ba daga turmin ƙarfe ya fito ba."

Gaba kaɗan ya sami wani abu kuma. Wani ya bi sawunsa da reshen geza yana sharewa, yana tafiya da baya. Ya share da kyau, sai wuri ɗaya a gindin tsamiya inda reshen ya tsallake. Nan aka bar diddigen takalmin hagu, mai faci da aka yanko daga tayar babur. Sambo ya kifa ƙwarya a kai, ya ce wanda ya ɗaga ta shi da Mai Gari.

* * *

Lirwanu na zaune a ƙasa a ɗakin zaure, leɓensa ya fashe. Da ya ga mutum biyu da rufaffen hanci sun shigo, ya ja da baya har bango.

"Kwantar da hankalinka, ɗana. Ni ne Sambo. Miƙo ƙafa."

Ya miƙa. Sambo ya auna ta da tafin hannu.

"Wane takalmi gare ka?"

"Na ruwa, Baba, dogo. Shi ke nan gare ni."

"Ka je rijiya jiya?"

"Kullum ina zuwa. Ita nike sha, ita nike wanke dutse da ita. In na zuba mata guba, ni ina za ni sha?"

Zinatu ta duba hannayensa, ciki da baya, ta duba wuyansa. Babu ƙurji ko ɗaya.

"Ka ga!" in ji wani daga taga. "Shi bai kamu ba, don ya san maganin abinsa!"

Sambo ya tura tagar ya rufe. "Kai da wa kake faɗa a garin nan?"

"Ba ni faɗa da kowa. Ko watanda da sunka hana ni ban ce komai ba."

Watanda ita ce al'adar da magidanta ke haɗa hannu su sayi sa guda don Salla, a yanka a kasa kashi-kashi, kowa ya kai gida.

"Wa ya hana ka?"

"Alhaji Anwar, shi ke riƙe da ita. Ya ce ta 'yan gari ce. Da wake na yi Salla, Baba."

Sambo ya ga idon Zinatu ya sauya. Ta miƙe tsaye, har kwalinta ya kusa faɗuwa.

"Baba, taso. Gida-gida za mu shiga."

* * *

Da gidan Inna Hajara suka fara. Tana zaune a tsakar gida ta tallafe hannu, maƙwabta sun kewaye ta.

"Inna, yaushe ƙurjin ya fito?"

"Shekaranjiya ya fara ƙaiƙayi, 'yata. Ba shi zafi ko kaɗan, shi ne abin tsoron."

"Garin kuma yau kika gan shi."

"Yau da safe."

"To ta yaya garin yau ya fito miki da ƙurjin shekaranjiya?"

Inna Hajara ta dubi hannunta. "Ai ƙila tun tuni yake zubawa a ɓoye."

"Wa ya gyara naman Salla a gidan nan?"

"Wa zai gyara in ba ni ba? Surukata Bilki ko ƙamshin nama ba ta so, ciki gare ta. Ni na wanke, ni na yayyanka. Nama baƙi-baƙi, jininsa ya ƙi daskarewa, na ce wanga sa ya sha wahala."

Zinatu ta duba Bilki. Lafiya lau, ita da ke shan ruwan rijiyar nan safe da yamma.

Haka suka yi ta samu. A gidan Isa mahauci, wanda ya kasa naman, ƙurji biyu ne a hannunsa. A gidan maƙera, waɗanda ke da tasu rijiyar a cikin gida, matar da ta soya nama ta kamu. A gidajen da ba su shiga watanda ba kuwa, ko ciwon kai babu. Zinatu tana tafe tana raba ƙwayoyin magani, tana cewa kada a ƙara taɓa sauran naman Salla, soyayye ko busasshe.

Suka biya ta kantin Alhaji Anwar. Ya tarbe su a tsaye.

"Alhaji, wajen wa aka sayi san watanda?" in ji Sambo.

"Wajen Arɗo Jamilu. Af! Ka tuna mini. Bafillacen nan washegarin Salla ya kwashe rugarsa ya ɓace. Ku bincike shi. Wa ya sani ko bakinsu ɗaya da mai zinariya?"

"Na ji an ce ba liman ya yanka ba bana."

"Allah ne ya kiyaye, Sambo. Da asubar jajibere ya tsinke igiya ya yi fadama. Na bi shi, na tarar ya faɗa kwazazzabo, numfashi sama-sama. Da ban riske shi da wuƙa ba da mun yi asara. Na yi bisimilla na yanka. Kai, ka ga shure-shure? Sai da ya yi jifa da ni gefe! Har yanzu hannun nan ban iya ɗaga shi."

"Sannu," in ji Sambo. "Allah shi ƙara sauƙi."

* * *

Bin sawun garken shanu ba aiki ba ne ga Sambo. Ya hau bayan Ɗahiru, ya bar Zinatu tana duba marasa lafiya, suka miƙa yamma ta hanyar Gummi. Babur na tsalle, Sambo na ihu.

"Dama! Dama, Ɗahiru! Ba ka ganin kashin shanu? Hagu yanzu! Kai, da ni da kai wa ke tuƙin nan?"

Rana na tsaka suka hango rugar a ƙetaren wani rafi. Arɗo Jamilu ya fito da sandarsa a kafaɗa, ya tsaya yana kallon safar hannun Sambo.

"Sambo, likita ka koma? Ko kuwa nonon da kake sha bashi ne ya ƙone maka hannu?"

"Arɗo, ba wasa ya kawo ni ba. Mutanen Tungar Maje sun ce ka sayar musu da ciwo ka gudu."

Dariya ta bar fuskar Arɗo. Ya kai su inuwa, ya zauna a kan dugadugansa.

"Gudu na yi, gaskiya ne. Amma ba daga mutane ba. Shanuna biyu sunka faɗi a fadamar Maje ana cikin azumi. Da safe suna kiwo, da rana sun mutu, jini na fita ta hanci da ta baya. Mu muna ce mata daamol, ku kuna ce mata saifa. Tana kwana cikin ƙasa shekara da shekaru. Ban bari kowa ya sa musu wuƙa ba. Munka haƙa rami munka ƙone su, na jira Salla ta wuce na tashi."

"San watanda fa?"

"Lafiyayye na ba da shi, tun kafin a ga watan azumi. Kuma da ƙafata na je kantin Alhaji na ce masa, kada ka ƙara ɗaure shi a fadama. Ya ce ciyawar fadama kyauta ce, ta gida saye."

Sambo ya riga ya miƙe. "Za ka faɗi wanga gaban Mai Gari?"

"Zan faɗa gaban kowa."

"To hau. Ɗahiru, baburinka na ɗaukar uku?"

"Ya taɓa ɗaukar biyar da akuya, Baba."

* * *

Suka ɗauko Zinatu a bakin gari, Arɗo ya sauka ya bi su da ƙafa, don ya ce ya gwammace sandarsa. Daga nesa suna jin hayaniyar ƙofar Mai Gari ta ƙaru. Rana ta fara karkata.

A fadama Sambo ya fara da turken da aka ɗaure san. Igiyar na nan. Ya ɗaga bakinta ya nuna musu.

"Tsinkakkiyar igiya gashi-gashi take yi. Wagga wuƙa ta yanke ta."

Babu kwazazzabo a ko'ina kusa. Daga turken zuwa inda san ya kwanta bai fi tsawon igiyar ba. Wurin laka ce da ta bushe bayan abin ya faru, ta riƙe komai kamar an zana. Ga shatin jikinsa, ga sawun amalanken da aka zo aka ɗauke shi a kai, ga ƙafafun waɗanda suka ɗora. A gefen wuya kuma, inda mai yanka ke tsugunawa, ga diddigen hagu mai facin tayar babur.

"Shi ne!" in ji Zinatu. "Irin na rijiya!"

"Shi ne. Amma zai ce ai ya faɗa shi ya yanka. Dubi nan, Malama."

Ya nuna inda ƙafafun san huɗu suka kwanta. Shatin kofato huɗu ne a lakar, lafiyayyu, kowanne a mazauninsa. Sambo ya cire ƙyallen hancinsa don murna, Zinatu ta daka masa tsawa ya mayar.

Arɗo ya nuna da sanda. "Ga baƙin jini wajen hanci. Ga shi wajen wutsiya."

"Wannan ita ce cutar da rediyo ke faɗa," in ji Zinatu. "Antiraks. Ita ce saifarku, Arɗo. A Amurka mutane ne suka sa ta a farin gari da gangan. A nan tana cikin ƙasarmu tun kakanni. Kada kowa ya taka wurin nan. Ƙaya za a sa, a ƙone shi."

Sai ga kiran sallar la'asar ya taso daga gari. Suka dubi juna. Ɗahiru ya buga babur.

* * *

Suka iso ana sallamewa. Mutane suka fito daga masallaci kai tsaye suka nufi ƙofar zaure, samari a gaba. Mai Gari ya miƙe daga kujerarsa, ya buɗe hannuwa ya tare ƙofa. Ɗahiru ya kutsa da babur tsakiyar taron yana ta hon, Sambo ya diro tun bai tsaya ba.

"Ranka shi daɗe, a fito da Lirwanu. A kira Isa mahauci, da Inna Hajara, da Alhaji Anwar. Ga Arɗo nan tafe. Kowa shi zauna!"

Abin mamaki, aka zauna. Aka fito da Lirwanu aka tsayar da shi kusa da Mai Gari.

Zinatu ta fara. "Duk gidan da ke da mai ƙurji ko mai ciwon ciki, maigida ya ɗaga hannu."

Hannuwa suka tashi.

"Duk wanda ya ɗaga hannu amma bai shiga watanda ba, ya miƙe tsaye."

Babu wanda ya motsa. Mutane suka fara waige-waige.

"Ba rijiya ba ce," in ji ta. "Nama ne. Cuta ce ta dabbobi, kuma tana da magani in an fara da wuri. Na aika a ƙaro shi daga Bukkuyum."

"To Bafillace ne!" in ji Alhaji Anwar. "Shi ya sayar mana!"

Arɗo ya faɗi nasa, a tsanake, har da maganar ciyawar kyauta. Wasu suka yi guna-guni, wasu suka ce ai Arɗo kansa yake karewa.

Sambo ya juya ga mahauci. "Isa, kai ne mai sana'a. Sa nawa ka taɓa kayarwa?"

"Wa ya ƙirga, Baba? Tun ina yaro."

"In an sa wa sa wuƙa da ransa, ko da numfashi ɗaya ya rage masa, mi yake yi?"

"Shure-shure mana. Ko an ɗaure shi sai ya tone ƙasa. Shi ya sa muke ja da baya."

"Jini fa?"

"Tsartuwa yake, har shi ɓata maka riga daga nesa."

"Alhaji ya ce wanga sa ya yi shure-shure har ya yi jifa da shi gefe. Haka ne, Alhaji?"

"Haka ne."

"To na je wurin. Laka ce, ta bushe, tana nan, kowa na iya hangowa daga nesa. Kofato huɗu, kowanne inda ya kwanta nan ya tsaya. Ko kaza ta fi shi tone ƙasa. Jinin wuya bai tsartu ba, gangarowa ya yi ya taru wuri guda. Igiya ba ta tsinke ba, yanke ta anka yi. Sa ya mutu a turkensa tun kafin wuƙa ta iso." Ya dubi taron. "Jama'a, mushe kunka ci da Salla."

Wuri ya kaure da salati. Inna Hajara ta riƙa tofar da yawu tana kiran sunan Allah. Isa mahauci ya dafe kai.

"Shi ya sa! Shi ya sa na tarar ya riga ya farke ciki! Na ce ina saifa, ya ce kare ya ɗauke!"

"Ƙarya ne!" in ji Alhaji Anwar. "To garin rijiya fa? Shi ma ni ne?"

"Tuɓe takalmin hagu," in ji Sambo. "Akwai sawu ƙarƙashin ƙwarya a gindin tsamiya. In bai hau ba, ni zan durƙusa in ba ka haƙuri gaban kowa."

Alhaji bai tuɓe ba. Ya ja ƙafar ya ɓoye ta a ƙarƙashin riga, amma na kusa da shi sun riga sun ga facin.

Zinatu ta matso kusa da shi, ta sassauta murya. "Alhaji, fito da hannun nan in gani. Tun safe nake kallonsa. Ba shuri ba ne."

Alhaji ya zaro hannun a hankali. Ya kumbura har gwiwa, baƙin ƙurji uku a jere. Jikinsa na ɓari da zazzaɓi. Ya zauna a ƙasa daɓas.

"Amanar gari ce a hannuna," in ji shi, kansa a ƙasa. "Gobe Salla, sa ya mutu. Da wane ido zan dubi mutane? Na ce haramcin a kaina ni kaɗai, su ba su sani ba. Ban san da ciwo ba, wallahi. Da ƙurji ya fito na ga za a tuna da nama. Sai na tuna abin da rediyo ke faɗa. Garin rogo ne, na kanti."

"Kuma ka tsaya nan kana cewa a ba ka yaron mutane," in ji Mai Gari.

Samarin da suka zo da sanduna don Lirwanu suka fara juyowa wajen Alhaji. Mai Gari ya ja kujerarsa ya dasa ta a gabansa, kamar yadda ya yi da safe.

"Kujerar nan ba ta gaji ba," in ji shi. "Asibiti za shi, daga can hukuma. Wanda ke da ƙarfi shi tafi shi kwaso ƙaya da itace."

"Fatar fa?" in ji Zinatu. "Ina fatar san?"

"Tana rumbuna," in ji Alhaji. " Ranar kasuwar Gummi za ni kai ta."

"Allah Ya rufa asiri! A ɗauko ta da sanda, kada hannu ya taɓa."

Kafin magariba an tara fatar, da sauran soyayyen nama daga kowane gida, da igiyar, an kai fadama an banka musu wuta a cikin rami. Ɗahiru ya tafi da Alhaji asibitin Bukkuyum, an ɗaure shi da rawani a bayansa don kada ya faɗo. Rijiyar ta zauna a rufe har amsa ta dawo daga Gusau cewa garin rogo ne zalla, aka yashe ta sannan aka buɗe. Babu wanda ya mutu a Tungar Maje, sai dai tabo da ya rage a hannuwa.

* * *

Washegari da hantsi Sambo ya biya ta bukkar Lirwanu. Ya tarar da shi yana ɗaure turminsa da igiya, zai bar garin. Sai ga Inna Hajara da kwano a rufe, hannunta a naɗe da bandeji, Mai Gari na biye da ita.

"Ɗana," in ji ta, "bakina ne ya fara jawo maka. Ka yafe mini. Ga ɗan tuwo."

Mai Gari ya gyara murya. "Kuma mun yi shawara. Watandar baɗi, kashi na farko naka ne."

Lirwanu ya dubi kwanon, ya dubi turmin da ya ɗaure. Ya taɓa leɓensa da ya fashe. Sannan ya ɗaga murfin da yatsa ɗaya, ya leƙa a hankali.

"Inna, babu nama dai ko?"

"Wake ne, ɗan nema! Wake!"

Ya zauna ya wanke hannu. Da ya kai loma ta biyu ya ɗago kai ya dubi Mai Gari.

"Na karɓi kashin, ranka shi daɗe. Amma ni zan riƙe igiya ranar yanka. Sai na ga shurin da idona."